Gida Sittin da Uku a Kan Buzu

Litinin, 9 ga watan Ƙaramar Sallah, bayan La'asar

Bismillahi. Ɗiyata Raihanatu ta iso Fakku daga Tambuwal da hantsi, da baƙar jaka a baya. Hutun mako uku ta ɗauko wurin aiki. Ban aika a kira ta ba. Wanda ya buga mata waya ya san kansa, kuma Allah shina ganin abokina Ɗangiwa.

Cikin jakar akwai kwamfutar ofishinsu, irin wadda ake buɗewa kamar littafi. Aro ce. Litinin ɗin ƙarshen wata za ta koma hannun masu ita. Ta ce, "Baba, abin da nika so, kafin ran nan mu zuba gidajen nan duka a ciki."

Gida sittin da uku ne tsohon gari, talatin da fuɗu a shiyar gabas, sauran a shiyar yamma. Wa ya haifi wa, wa ya auri wa, gonar wa ta faɗa hannun wa. Babu takarda. Baffana Malami ya riƙe su a ka, ya zuba mini ina ɗan shekara goma sha biyar, muna tafe ƙofa ƙofa, shina faɗi ina amsawa. In za a raba gado, ni ake kira. In za a ɗaura aure ana tsoron kusanci, ni Arzika ake kira. Ban yi boko ba, allona ma a izu uku ya tsaya, wanga ajamin da nika karcewa shi ke nan abin da na tsira da shi. Amma ba a taɓa kama ni na ba wani uban da ba nashi ba.

Na ce mata lafiyata lau. Ta ce ta sani. Ba ta kawo zancen ranar sunan jikan Liman ba, ranar da sunaye suka tsere mini gaban jama'a, ni ma ban kawo ba.

Talata, 10 ga wata, bayan Azahar

Sharaɗi biyu na kafa. Na farko, ba a ɗaukar muryata a waya. Harshen na ɗan jan ƙafa kwanan nan, ba zan bar wa jikoki abin dariya ba. Na biyu, abin da za a zuba wa sunayen malamai, da su Abdullahi da su Abdurrahman, ba a aza shi bisa ƙasa, ba a aza shi bisa bencin da kowa ke zama. Na ciro buzun ragon layyar bara, mai gashi luf-luf, na shimfiɗa a zaure.

Ta ce, "Baba, ta ƙarƙashi take shan iska fa."

Na ce littattafan Malam Babba, tsohon malamin garin nan, shekara ɗari suna bisa buzu, ba wanda ya shaƙe.

Ta ɗauka ta aza. Uwarta ma haka take yi, Allah ya jiƙanta, ta yi abin da ka ce kana ganin ba ta yarda ba.

Mun taɓa gwada biro da takarda, hannu bai iya bin bakina. Sunayen nan ba ɗaya-ɗaya suke zuwa ba. Kamar tumaki ne a bakin garke, in na gaba ya fita sauran su bi, in aka tare ƙofa su watse. Shi ya sa Baffa ya ce ba a yanke gida, in ka shiga sai ka fito ta ɗaya ɓangaren. Yatsun Raihanatu kuwa bisa madannan nan kamar kaji sun sami tsaba. Daga tsamiyar masallacin gabas muka ɗauko. Gida bakwai yau.

Laraba, 11 ga wata, bayan La'asar

Zafi. Tun hantsi ƙadangaru suka bar bango.

Muna cikin gida na goma sha ɗaya, gidan Na'iya, abin ya fara wani gunji kamar zuma a cikin tulu. Ta danna harafi, harafin bai fito ba sai da na yi gaba da uba biyu. Ta ce, "Baba dakata."

Na dakata.

Da ta ce mu ci gaba, na buɗe baki, babu kowa a wurin. Na'iya na nan, na ga fuskarshi har da haƙorin da ya karye, amma ɗiyanshi sun watse. Sai da na koma tun daga tsamiya. Kafin mu dawo gidan, gilashin ya yi baƙi ƙirin, abin ya ɗauke. Gida uku da ba ta riga ta adana ba sun tafi. Na taɓa gefenta, kamar murfin tukunya.

Laifin na'ura ne. Duk wanda aka katse dole ya rikice.

Alhamis, 12 ga wata, da hantsi

Ta ɗauke sau biyu. Gidan Na'iya sau uku na faɗe shi yau.

Juma'a, 13 ga wata, bayan an sauko masallaci

Ɗangiwa ya biyo ni gida, wai ya zo ganin amarya. Tare aka yi mana kaciya da shi, tun lokacin bakinshi bai huta ba. Ya ga abin bisa buzu shina nishi, ya riƙe baki.

"Arzika, wagga amaryar taka masassara gare ta. Sadaki nawa ka biya?"

Na ce ya fita mini zaure.

"Ina zan tafi? Raihanatu, miƙo mafici. Tsohon nan shekara saba'in bai taɓa yi wa mace fifita ba, bari in nuna mashi."

Ya zauna ya tanƙwashe ƙafa shina yi mata fifita, shina cewa sannu ranki shi daɗe. Raihanatu ta yi dariya har da ƙwalla, rabon da in ji dariyarta tun zuwanta. Abin haushi, fifitar ta yi aiki kaɗan. Mun yi gida biyu kafin hannunshi ya gaji.

Da zai tafi ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "Kana shan ƙwayoyin da aka ba ka a asibitin Kebbe?" Na ce mi ya shafe ka. Ya ce, "Ni ma ina cikin gida na arba'in da biyu, shi ya shafe ni. Ka iso ni tukuna."

Gida goma sha biyar.

Asabar, 14 ga wata, bayan Azahar

Bari in rubuta gaskiya tunda littafina ne. Ta shiga cikin gida sallah, ta bar abin a rufe shina huci. Na ce mi ake yi wa randa in ana son ruwa ya yi sanyi? Na jiƙa tsohon rawanina, na matse, na lulluɓe ta.

Ban taɓa jin Raihanatu ta ɗaga mini murya ba sai yau.

"Baba! Ruwa? Ka san abin da za a yi mini in ta mutu? Ka san duk abin da ka faɗi a ciki yake?"

Na ce na matse sosai.

Ta ɗauke ta kai ɗakinta. Ba mu yi aiki ba. Ta kawo mini fura ta ajiye, ba ta zauna ba.

Lahadi, 15 ga wata, da hantsi

Ruwan bai shiga ba. Ta sake roƙona a cire buzu. Na ce a'a.

Litinin, 16 ga wata, bayan La'asar

Ta buga wa mai kula da kwamfutocin ofishinsu waya, wani Mannir. Ya sa ta rufe wasu abubuwa da suka buɗe kansu a ɓoye suna cin ƙarfi, ya ce kar a haɗa ta da cajin sola ana cikin aiki da rana. Ya tambaya bisa mi aka aza ta. Na ji ta ce, "Bisa... shimfiɗa." Ta rufa mini asiri, ko ta rufa wa kanta.

An sami sauƙi na kamar shan fura. Daga nan gunjin ya dawo.

Yanzu tsoron kalmar nan nika yi. Ina faɗi, kunnena na wurin bakinta, ina jiran dakata. Sai in riƙa sauri don in riga ta, saurin kuma shi ke sa ni tuntuɓe.

Goma sha tara. Mako guda ya tafi.

Talata, 17 ga wata, bayan Azahar

Zafi. Lafiyata lau.

Laraba, 18 ga wata, bayan La'asar

Da safe na tsaya gaban shantalin alwala, na rasa da wane hannu ake farawa. Ɗan lokaci ne kawai. Ba wanda ya gani.

Ashirin da biyu. Ta ce gobe sai Tambuwal, Mannir ya ce a kawo ta a buɗe. Na ce to mu tafi. Ta ce ba da ni ba, rana ta yi yawa, kuma likita ya ce. Na ce ban ji abin da likita ya ce ba, fanka na ƙara a ɗakinshi. Gida ashirin da biyu na mutanen Fakku ba za su hau babur su bar gari ba ni ina zaune.

Alhamis, 19 ga wata, bayan Magariba

Mun dawo. Ƙasusuwana duk sun saki, amma in ban rubuta yau ba gobe ban san abin da zai rage ba.

Babur zuwa Kebbe, ƙaramar bas zuwa Tambuwal, jakar bisa cinyata. Mannir ɗin dattijo ne ashe, da furfura a gemu, na ɗauka yaro ne. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ba ni kujerarshi. Ya kifa abin, ya kwance ƙusoshi ƙanana kamar ƙwayar gero, ya jera su cikin murfin kwalba. Ya ɗaga bayanta. Ya daɗe shina kallo.

"Baba, ragon naka fari ne?"

Na ce wa ya gaya maka.

Ya sa hantsaki a bakin wata 'yar fanka da ba ta fi kan kwalba ba, ya jawo wani abu kamar audugar katifa, dunƙule da ƙaiƙayi. Ya jawo wani. Ya tara su bisa takarda ya miƙo mini. Gashin ragona ne. Ko a lahira na gan shi zan gane.

Raihanatu ta duƙar da kai. Ya ce da ita, "Malama, wagga ce shimfiɗar?"

Na ce kar ya ga laifinta, ni ne. Na gaya mashi dalili. Bai yi dariya ba, Allah ya yi mashi albarka. Ya nuna mini ƙofofin da ke cikinta, ya ce ta nan take jan iska, ta gefe ta fitar. Buzu ya toshe ƙofar, abin da ya samu shiga kuma gashi ne. Ya kankare wani mai da ya bushe bisa wani ɗan ƙarfe, ya ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, ya ce shi ke kwashe zafi daga ƙwaƙwalwarta.

Na ce to mi ya sa take jan ƙafa, lalacewa ta yi?

"A'a Baba. In ta ji zafi ya kai mata ko'ina, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone. In ragewar ba ta isa ba sai ta ɗauke gaba ɗaya. Da ba ta yin haka da tuni ta mutu da kayanka a ciki."

Na ji idon Raihanatu a kaina. Na kalli taga.

Ya ce abu mai tauri za a aza ta bisa, a bar fili a ƙarƙashi, a yi aiki da sanyin safiya, kar a naɗe ta sai ta huce. Wanga na ƙarshe ma ni ne, kullum da alkyabba nika naɗe ta da an gama. A takardar ofis ya rubuta ƙura ce kawai.

Da zai raka mu ya ce, "Ai kakata 'yar Fakku ce, Baba. Asma'u, ta shiyar yamma, aka kai ta aure Dogon Daji. An ce kai ka san kowa."

Na ce na san ta.

Ya tsaya shina jira, fuskarshi a sake. Na ce rana na yi, kar mota ta tashi.

Juma'a, 20 ga wata, bayan La'asar

Ban je masallaci ba.

Asabar, 21 ga wata, bayan Azahar

Kwance. Asma'u. Asma'u ɗiyar wa?

Lahadi, 22 ga wata, bayan La'asar

Na tashi zaune. Kwana uku sun tafi a banza, ga na'ura lafiyayya a jaka. Ɗangiwa ya zo, bai yi wasa ko ɗaya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

An yi shari'ar buzu. Raihanatu ta ce bulo biyu. Na ce bulon da ake gina bayan gida da shi? Ta kawo rariyar tankaɗe ta kifa, ta ce ga tauri ga iska. Na ce sunan Malam Babba bisa abin tankaɗen dusa? Ɗangiwa ya fita, ya dawo da sabuwar rariya fil, gari bai taɓa ta ba. Ya shimfiɗa buzu, ya kifa rariyar bisa, ya aza kwamfutar can sama.

"To ga buzunka, ga iskarta. Saura mi, sarkin gardama?"

Na duba ta kowane gefe. Buzu dai shina nan. Na ce a bari haka.

Litinin, 23 ga wata, da hantsi

Daga sallar Asuba zuwa rana ta taɓa bakin zaure. Ko tari ba ta yi ba. Gida shida.

Talata, 24 ga wata, da hantsi

Shiyar gabas ta cika, talatin da fuɗu. Raihanatu ta ce Alhamdu lillahi har sau uku, ta kwafe su cikin wani ɗan abu kamar ɗan yatsa ta ɗaure a bakin zanenta. Da an yi haka tun farko da yanzu an gama. Ba ta faɗi ba. Ni na faɗi, nan kawai.

Alhamis, 26 ga wata, bayan Azahar

Mun wuce gidan su Ɗangiwa jiya ko yau. Na gaya mashi yanzu sai ya ƙyale ni in mutu. Ya ce in jira ya gyara rufin ɗakinshi tukuna, ba shi da lokacin zaman makoki.

Yanzu ba ta cewa dakata. Ni ke tsayawa. Akwai wani ɗan layi baƙi a gilashin, shina ƙyafta ido inda sunan gaba zai shiga. Ita ba ta kallona in na tsaya, sai ta yi kamar tana gyaran ɗankwali. Layin nan kuwa ba shi da kunya.

Arba'in da shida. Ban ci karo da Asma'u ba. Ko na wuce ta.

Asabar, 28 ga wata, da hantsi

Hamsin da shida. Wurare fuɗu na ce ta bar fili. Na gaji. Na gaji ƙwarai.

Lahadi, 29 ga wata, bayan La'asar

Ranar ƙarshe. Fuɗu suka fita da kyar, sai gida na sittin da ɗaya, gidan Mu'awiya maƙeri. Na san ɗiyanshi biyar ne. Na faɗi uku. Na koma gidan da ke baya na taho da gudu, uku. Na sake, uku. Rana ta taɓa bakin zaure ta wuce. Na'ura shiru, sanyi ƙalau, tana jirana.

Raihanatu ta ce a bar fili. Na ce miƙo mini sanda.

Na ce in na tsaya ƙofar gidan za su zo, a nan Baffa ya ba ni su. Ta bi ni da abin a rungume. Na tsaya. Ga dutsen da ake wasa fartanya, ga durumin. Ba su zo ba.

Muna tsaye Yaya Rauda ta fito da ƙwarya. Autar Mu'awiya ce, ta girme ni da shekara biyar ko shida, idonta ɗaya ya rufe. Sunanta ma bai cikin ukun da na faɗi, sai da na gan ta ya faɗo.

"Wa nika gani kamar Arzika? Lafiya da ranar nan? Wa ya mutu?"

Na gaishe ta. Na tambayi jiki, na tambayi zafi, na tambayi jikoki. Gaisuwa ta ƙare. Tun da Baffa ya rasu, shekara hamsin da ɗoriya, ban taɓa tambayar ɗan Adam sunan kowa ba.

Na ce, "Yaya Rauda, ku biyar ɗin nan, wa ke bin Sharifuddeen?"

Ta ajiye ƙwaryar. Na ɗauka dariya za ta yi, ko ta ce ashe abin da ake faɗi gaskiya ne. Ta ce, "Uwais ke bin shi. Amma wa ya ce maka mu biyar ne?"

Na ce biyar Baffa ya ba ni.

"To Baffanka bai shiga cikin gida ba. Mu shida ne. Tsakanin Uwais da ni akwai Khairiyya. Kwana tara ta yi a duniya. An yanka mata rago, Arzika, an raɗa mata suna, Inna har ta mutu in tana lissafa mu sai ta sa ta."

Na ce ba ki taɓa faɗi ba.

"Ka taɓa tambaya? Ranar rabon gadonmu kana zaure kana zuba biyar, biyar, ina bayan ƙyaure ina jin ka."

Raihanatu ta riga ta durƙusa a inuwar durumi, ta buɗe abin bisa dutsen wasa fartanya, dutse tsirara. Na gani. Ban hana ba. Yaya Rauda ta faɗi su shida a jere, ta sa aka karanta mata, ta ce a sake karanta na biyar ɗin.

Gida biyun da suka rage ban taɓa su ba. Ƙafata ba ta kai ba, kaina ma haka.

Litinin, 30 ga wata, da hantsi

Ta tafi bayan Asuba da jakar a baya. Sittin da ɗaya, da filaye fuɗu, da gida biyu babu. Ta ce za a buga mata su a takarda, ran Juma'a ta zo da su da biro. Na ce biron ya isa yanzu, bakin ba gudu yake ba.

Tun jiya abu ɗaya nika juyawa. Gida sittin na ba ta na ce sun cika. A kowane ɗaya akwai ƙyaure, kuma ban san wa ke bayanshi ba.

Na aika wa Ɗangiwa ya zo gobe da sanyin safiya ya riƙe mini hannu. Daga tsamiya za mu ɗauko. Shi zai yi sallama, ya fi ni iya magana da mata.